Yadda Ake Bin Takardu Wajen Saye Ko Sayar Da Gida, Kar Kuɗinka Ya Riga Takarda Tafiya

Duk wanda ya tashi sayen gida hankalinsa kan ginin yake tafiya, ɗakuna nawa ne, falon ya isa, akwai ruwa, unguwar ya take, toh duk wannan daidai ne, amma ranar da rigima ta tashi alƙali ba zai tambaye ka kalar fenti ba, abin da zai tambaya shi ne ina takarda, wa ya sa hannu, shi wanda ya sa hannun yana da ikon sayarwa kuwa, sannan sunan wa ke cikin rajistar gwamnati. Wannan aikin na ɗauke mallaka daga kan mai sayarwa a ɗora ta kan mai saye ta hanyar da doka ta yarda da ita, shi nake so mu bi daki-daki. Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, wannan kam ba musu, shi ya sa zan riƙa kawo misalai daga wurare daban-daban, amma jerin aikin kusan ɗaya ne ko ina: a yi bincike, a ɗaure ciniki a rubuce, a biya, a yi rajista. In ka birkita jerin nan, musamman in ka bar kuɗi ya wuce gaba, toh ba abin da ya rage maka sai addu'a da fatan mai sayarwar yana da tsoron Allah.

Ka nemi lauya tun kafin ka yi tayi

Kuma naka na kanka, ba na mai gidan ba, ba kuma wanda dillali zai ce maka "akwai wani yarona da ke mana irin wannan aikin cikin kwana biyu" ba. Ba zagin dillalai nake ba, sana'a ce kamar kowace, amma ka tuna shi la'adarsa sai ciniki ya faɗa take fitowa, in an fasa ya tashi a tutar babu, toh mutumin da cin abincinsa ke rataye da a gama ciniki da wuya ya ce maka malam dakata akwai matsala a takardar nan. Lauyanka kuwa aikinsa kenan, ya yi ta tonon dalilin da zai sa ka fasa, in ya tona ya rasa sai ku ci gaba.

Wanda ke yin aikin ya danganta da inda gidan yake. A Ingila lauya ne ko kuma wanda ya samu lasisin wannan aikin shi kaɗai, wata doka ta 1985 ce ta buɗe wa irinsu ƙofa. A Faransa da Jamus dole sai an je gaban notari, jami'in da hukuma ta ba ikon shaida takardu, a Jamus ma in ba a gabansa aka ƙulla yarjejeniyar ba doka ba ta san da ita ba, kuma sai ya karanta muku ita da baki daga farko har ƙarshe kuna zaune kuna ji. Sai dai ka sani notari ɗan ba-ruwanmu ne, zai fayyace maka ma'anar abin da za ka sa wa hannu amma ba zai tsaya ya yi maka faɗa a kan sharaɗin da ya cuce ka ba. A Amurka kuma kowace jiha da nata, wasu sai da lauya, wasu kamfanin binciken takardu ne ke rufe cinikin.

Ko wa ka ɗauka, ka sa ya rubuta maka kuɗin aikinsa daban, kuɗin bincike daban, haraji da kuɗin rajista daban, don kar a haɗa maka su a dunƙule ka rasa wanne ne wanne. Ka duba sunansa a wajen ƙungiyar da ke ba su lasisi, ka kuma tambaya wa zai riƙe fayil ɗinka a zahiri, don sau da yawa babban lauya kake gani ranar farko daga nan sai a tura ka wajen yaron ofis.

Binciken mallaka, nan ne aikin yake

Ƙa'ida ɗaya ce ta riƙe komai: mutum ba ya iya sayar maka da abin da bai mallaka ba, ko da ka biya cikakken kuɗi, ko da zuciyarka fes take. Don haka tambayar farko ita ce wa ke da gidan nan a idon doka, kuma amsar ba a bakin mai sayarwa take ba.

Ƙasashe iri biyu ne a nan kuma ya kamata ka san wacce kake ciki. Akwai inda gwamnati ke rajistar mallakar kanta, kowane fili da lambarsa da shafinsa, sunan da ke shafin shi ne mai shi kuma gwamnati ta tsaya a kan haka. Wannan tsarin ya yi suna ne daga Kudancin Ostireliya a 1858 ta hannun Robert Torrens, ƙasashe da yawa suka kwafa, Ingila ta buɗe nata ofishin rajistar filaye a 1862 duk da sai a 1990 ne rajistar ta zama dole a faɗin Ingila da Wales duk lokacin da aka sayar da gida. Akwai kuma inda takardun ciniki kawai ake ajiyewa a ofis, gwamnati ba ta ce maka wane ne mai shi ba, kai ne za ka bi sarƙa, wane ya sayar wa wane, shi kuma ya sayar wa wane, har ka iso kan wanda ke gabanka ba tare da wani gurbi ya yanke ba. Mafi yawan Amurka haka take, shi ya sa can suke da inshorar mallaka, ka biya sau ɗaya ranar saye in wani ya ɓullo daga baya da haƙƙi kamfanin ya kare ka ko ya biya ka, kamfanin farko mai irin wannan an kafa shi a Filadelfiya a 1876. A Ingila ma gidan da bai taɓa shiga rajista ba sai an nuna sarƙar da ta kai aƙalla shekara 15 baya.

Toh abin da za ka yi shi ne lauyanka ya je ofishin rajista ko ya shiga shafinsu na intanet ya ciro kwafin bayanan da kansa, sabo na ranar. Kar ka dogara da kwafin da mai sayarwa ya miƙo maka komai kyan hatimin da ke kai, yau da kwamfuta da na'urar buga takarda ba abin da ba a haɗawa. In an ciro sai a gwada: sunan da ke rajista shi ne ke kan katin shaida ko fasfon wanda ke sayarwa, harafi da harafi? Lambar filin ita ce? Girmansa shi ne? Akwai jingina a kai, wato ya karɓi bashin banki da gidan? Akwai umarnin kotu da ya hana a taɓa shi, ko shari'ar da ba a gama ba? Akwai wani sharaɗi da ke bin filin, kamar ba a yin shago a ciki ko ba a ɗora bene, ko maƙwabci na da haƙƙin wucewa ta gefe, ko bututun ruwan jama'a ya ratsa ta ƙarƙashi? Irin waɗannan ba mutum suke bi ba, ƙasar suke bi, ka saya ka gaje su.

Jingina ba ta hana ciniki fa, gidaje da yawa da ake sayarwa akwai bashi a kansu, abin da ake yi shi ne banki ya rubuto adadin da ya rage, ranar biya a cire wannan daga kuɗinka a tura wa bankin kai tsaye, ya bayar da takardar sakin gida, ragowar a ba mai sayarwa. Abin da ba a yi shi ne ka ba mai gida duka kuɗin ya ce maka "gobe zan je in biya su".

Sai ka duba wace irin mallaka ce ake sayar maka, nan ma mutane na ruɗewa. Akwai mallaka ta dindindin, gini da ƙasa duka naka ba wa'adi. Akwai kuma haya mai dogon zango wacce a baki ake ce mata saye, shekara 99 ko 125 ko ma 999, galibi gidajen da ke cikin bene mai sassa da yawa a Ingila haka suke, kuma abin da ya dame ka shi ne shekara nawa ta rage, don in ta sauko ƙasa da 80 darajar gidan na fara raguwa bankuna kuma su fara ja da baya. A ƙasar Sin filayen birni na gwamnati ne, haƙƙin amfani na shekara 70 ake bayarwa na gidan zama. A Najeriya dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sa filayen kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, mutum haƙƙin zama yake riƙe da shi, kuma sayar da wannan haƙƙin ko jinginar da shi sai da amincewar gwamna, kotun ƙoli ta ƙasar ta jaddada haka a 1989 a wata shari'a ta jingina. Kaga ashe kalmar "na sayi gida" ba abu ɗaya take nufi ko ina ba.

Yanzu mu zo kan mutane, don rabin rigingimun gidaje daga nan suke. In gidan gado ne ka taka a hankali, ɗa ɗaya ko da shi ne babba ba shi da ikon sayar da abin da yake na magada duka, sai ka ga takardar kotu da ta nuna an raba ya faɗo a kasonsa, ko wacce ta naɗa shi mai kula da dukiyar mamacin, ko kuma dukkan magada su sa hannu, in akwai marayu ƙanana a ciki kuwa kar ka matsa ko taku ɗaya sai da izinin kotu. In wakili ne ke sayarwa, mai gida wai yana ƙasar waje, ka ga takardar wakilcin ta asali, ka tabbatar ta ambaci sayar da wannan gidan takamaimai, ka kuma nemi mai gidan da kanka ta hanyar da kai ka samo ba wacce wakilin ya ba ka ba, sannan ka sani wakilci na mutuwa da mutuwar wanda ya bayar da shi. In kamfani ne a ga shawarar daraktoci a rubuce. In sunaye biyu ne a rajista hannu biyu ake buƙata, "ai matata ta sani" ba sa hannu ba ne.

Kuma ka je ka ga su wa ke zaune a ciki, ka tambaye su da bakinka a kan me suke zaune. Ɗan haya na da wa'adinsa kuma a wurare da yawa canjin mai gida ba ya kore shi. A Ingila an yi wata shari'a da ta kai kotun ƙarshe ta ƙasar a 1980, wani mutum ya jinginar wa banki gidan da sunansa kaɗai ke kan rajista, biya ya gagara, banki ya zo karɓar gida, ashe matarsa ta zuba kuɗinta wajen sayen gidan kuma tana zaune a ciki, kotu ta ce haƙƙinta ya hau kan bankin tunda bai tambaye ta ba. Tun daga nan lauyoyin can ke sa duk wani baligi da ke cikin gida ya sa hannu cewa zai fita kuma ba shi da wani haƙƙi da zai tayar. In banki da dukkan lauyoyinsa ya faɗa wannan ramin ina ga ni da kai.

Akwai kuma masu haƙƙin a fara yi musu tayi. A fiƙihun Musulunci akwai shuf'a, abokin tarayya a gidan da ba a raba ba yana iya karɓar kason da aka sayar a kan farashin da aka saya, a Faransa kuma ƙaramar hukuma ce ke da irin wannan damar a wasu yankuna, ana ba ta wata biyu ta ce tana so ko ba ta so.

Bayan ofishin rajista sai ofishin tsara birni. Ginin da izini aka yi shi? Ɗakin da aka ƙara a baya fa? Akwai titi ko layin dogo da aka tsara zai bi ta wajen? Wurin na cin ambaliya? Ana bin gidan harajin shekaru ko kuɗin ruwa da wuta? Sai ka ɗauko safiyo ya auna filin ya gwada da taswirar da ke rajista, don katanga ba hujja ba ce, mutane na gina katanga inda suka ga dama, wani lokacin ma takardar ta gaskiya ce ɗari bisa ɗari amma ta wani filin ce daban ba wanda aka nuna maka ba.

Shi lauya takarda yake dubawa, ba ya hawa rufi. Lafiyar ginin aikin injiniya ne ko mai duba gine-gine, ya duba harsashi da tsagewar bango da danshi da yoyo da wayoyin wuta, kuma kar ka ce ai banki ya turo nasa mutumin, wancan kimanta daraja ya zo yi don bankin ya san kuɗinsa zai fita in ka kasa biya, ba ruwansa da kai. A dokar ƙasashe da yawa nauyin dubawa kan mai saye yake, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wasu abubuwan dai doka ta tilasta mai sayarwa ya faɗa, a Amurka gidan da aka gina kafin 1978 dole a sanar da kai batun fenti mai gubar dalma, Faransa ma na da irin wannan ga gidajen da suka girmi 1949.

Ɗaure ciniki

"Na taya, an sallama" da musabaha sun isa a cinikin kaya, a cinikin gida kuwa sai rubutu, Ingila ta sa wannan a doka tun 1677 kuma ƙasashen da suka gaji dokarta suka bi. Yarjejeniyar ta ƙunshi cikakkun sunaye, bayanin gidan da lambarsa ta rajista, farashi, yadda za a biya da ranar biya, ranar da za a miƙa makulli, cewa za a miƙa shi ba kowa a ciki in haka kuka shirya, da me zai faru in ɗayanku ya saɓa. Ku rubuta abin da za a bari da abin da za a cire, injin ruwa, tankin sama, na'urar sanyaya ɗaki, kabad ɗin kicin, wallahi ana ɓata zumunci a kan abin da bai kai wannan ba. In da bashin banki za ka saya a sa sharaɗi cewa in banki ya ƙi bayarwa ciniki ya warware a mayar maka da kuɗinka.

Abu mafi muhimmanci da za ka tambayi lauya a nan: daga wane lokaci ne ba ni da damar fasawa? A Ingila da Wales ba wanda aka ɗaure sai ranar da lauyoyin biyu suka yi musayar kwafin yarjejeniya mai sa hannu, kafin nan ko an yi wata biyu ana bincike mai gida na iya samun wanda ya ƙara masa farashi ya juya maka baya, kuɗin da ka kashe ya bi ruwa. A Sikotland da wasiƙun lauyoyi ake ƙulla cinikin, da zarar an kammala su an ɗaure. A Faransa mai saye na da kwana 10 bayan yarjejeniyar farko da zai iya fasawa ba tare da ya faɗi dalili ba kuma ba a ci masa ko sisi.

Kafin alƙalami yawanci kashi 10 cikin ɗari ne ko ƙasa da haka, kuma in an ɗaure ciniki ka fasa ba dalili yana iya salwanta, don haka ba a bayar da shi sai bincike ya kammala. Ni a ganina in har akwai hali kar ya shiga aljihun mai sayarwa, a ajiye shi a asusun amana na lauya ko notari ko kamfanin da ke tsaka-tsaki har ranar gamawa. Mai gidan da ya ce sai dai ka ba shi rabi yau don yana da buƙata ta gaggawa kuma akwai mutum uku a layi, wataƙila gaskiya yake faɗa, amma gaggawarsa ba matsalarka ba ce, kuma 'yan damfara ma da wannan maganar suke zuwa. Tambayi lauyan kuma wa ke da asara in gobara ta tashi tsakanin sa hannu da miƙa makulli, a Ingila bisa sharuɗɗan da aka saba amfani da su kan mai saye take komawa tun ranar musayar takardu, shi ya sa suke yin inshora daga wannan ranar tun ba su tare ba.

Ranar biya

Kwana ɗaya ko biyu kafin nan ka koma gidan ka sake dubawa, an fita, ba a ɓalle ƙofofi an tafi da su ba. Lauya kuma ya sake leƙa rajista a karo na ƙarshe don tsakanin binciken farko da yau ana iya ɗora sabuwar jingina ko ma a sayar wa wani. Wasu ƙasashen sun toshe wannan kafar, a Ingila akwai binciken ƙarshe da ke kulle maka shafin na kwana 30 na aiki ba wanda zai shiga gabanka, a Jamus ana rubuta alamar kamun wuri da sunanka a littafin filaye kuma notari ba zai ce ka biya ba sai ta shiga. A Amurka in bashi ka ci dole a ba ka cikakken lissafin rufe ciniki aƙalla kwana 3 na aiki kafin ranar, ka zauna ka karanta shi layi-layi.

Ta banki za ka biya, zuwa asusun da ke cikin yarjejeniya, ba tsabar kuɗi a jaka ba, ba asusun ƙanin mai gida ba. Kuma dan Allah ka kula da wata damfara da ta yi yawa yanzu, ɓarayi su kutsa cikin imel ɗin lauya ko na dillali su yi shiru suna karanta komai, sai ana gobe biya su turo maka saƙo da sunan ofishin, da tambarinsu da salon rubutunsu, wai mun canza asusu ga sabuwar lamba. Duk saƙon canjin asusu ka ɗauke shi ƙarya har sai ka kira lambar wayar da ka sani tun farko ko ka je ofishin da ƙafarka, kana iya ma fara tura ɗan kaɗan su tabbatar ya shiga. In lauya ya ce ka kawo hujjar inda ka samo kuɗin kar ka ji haushi, dokar hana halasta kuɗin haram ce ta ɗora masa.

A nan ne mai sayarwa zai sa hannu a takardar miƙa mallaka gaban shaidu, wannan daban take da yarjejeniyar farko, waccan alkawari ce wannan ita ce cikawa, rasit kuma shaidar biya ce kawai bai mallaka maka komai ba. A Amurka ka lura da irin takardar, akwai wacce mai sayarwa ke lamunce maka cewa mallakar tsaf take, akwai wacce kawai yake cewa na bar maka duk abin da nake da shi in ma akwai.

Makulli a hannu ba gamawa ba ne

Nan ne mutane ke sakin jiki, an tare, an yi walima, takarda na cikin durowa shekara biyar ba a kai ta rajista ba. A tsarin da gwamnati ke rajistar mallaka sai sunanka ya shiga littafi ka zama mai gida cikakke, a Jamus ma kafin nan gidan na mai sayarwa ne ko da ka biya duka, a sauran wuraren kuma wanda ya saya bayanka bai san da kai ba ya riga ka yin rajista yana iya kayar da kai. Toh ka ware kuɗin wannan tun farko don ba kaɗan ba ne, harajin sayen gida a Jamus daga kashi 3.5 zuwa 6.5 cikin ɗari yake gwargwadon jiha, a Faransa tsohon gida na cin kusan kashi 7 zuwa 8 in an haɗa haraji da kuɗin notari, a Ingila kwana 14 ake ba ka bayan gamawa ka shigar da bayanin harajin ka biya. Kar kuma wani ya zuga ka ku rubuta farashin ƙarya don rage haraji, laifi ne, kuma ranar da ciniki ya warware ƙaramin adadin da ke takarda shi za ka iya nema.

In ku biyu ne kuka saya, miji da mata ko 'yan'uwa, ku faɗa wa lauya yadda kuke so a rubuta. A dokokin da suka samo asali daga Ingila akwai tarayyar da in ɗaya ya rasu gidan gaba ɗaya ke komawa ga wanda ya rage, akwai kuma wacce kowa ke da kasonsa da zai tafi ga magadansa, wanda ke son a raba gadonsa bisa addininsa ya san wacce yake zaɓa.

In kai ne mai sayarwa

Naka aikin ya fi sauƙi amma ka fara da wuri. Haɗa takardun mallaka da izinin gini da rasit ɗin haraji kafin ka kira dillali, in gidan gado ne a gama da kotu tukuna, in akwai bashi ka karɓo lissafin banki. Tambayoyin da lauyan mai saye zai turo ka amsa da gaskiya, rigima da maƙwabci, yoyo, ambaliya, don in ka yi ƙarya a rubuce ana iya maka ka kotu bayan shekaru. Kar ka miƙa makulli ko takardun asali sai lauyanka ya tabbatar kuɗi ya zauna a asusu, hoton alat ba kuɗi ba ne, kuma kar ka bar mai saye ya tare ko ya fara gyara kafin biya don fitar da shi sai kotu. Ka tambaya ko akwai harajin riba a kanka, ka ɗauki hoton mitar wuta da ta ruwa ranar fita, ka cire sunanka daga duk wani lissafi na gidan.

Shi kuma wanda ke da gida a wani gari ba ya zaune a ciki ya riƙa leƙa rajista lokaci-lokaci. A 2021 wani mutum a garin Luton na Ingila da aiki ya kai shi nesa ya dawo ya tarar an canza makullai ana gyara a ciki, wani ya yi amfani da shaidarsa ta bogi ya sayar da gidan. Ofishin rajistar filaye na can na da tsarin da ke turo maka saƙo kyauta duk lokacin da wani ya taɓa shafin gidanka, ka tambaya ko inda naka yake akwai irinsa.

Mai saye kuma bayan lauya ya ce an gama rajista, ka sa a ciro sabon kwafi ka duba da idonka, sunanka an rubuta shi daidai da yadda yake a katin shaidarka, lambar fili daidai, tsohuwar jinginar mai sayarwa an goge ta. In akwai kuskure a gyara shi yanzu da mai sayarwa ke raye kuma ana samunsa a waya. Takardun asali ka ajiye su inda wuta da ruwa ba za su kai ba, ka ɗauki hotonsu ka adana daban, ka kuma sanar da mutum ɗaya a cikin iyalinka inda suke.